Yadda Na Kai wa Damagarawa Fura

Tun ranar da na dawo daga Damagaram ba a bar ni na huta ba. A ɗakin kwananmu na makaranta, a bakin famfo, har a masallacin mata, tambayar ɗaya ce: "Sa'a, wai da gaske fura kika kai Nijar?" In na ce e, sai a kwashe da dariya, a ce to ba mu labari. Na ba da shi har muryata ta dushe, kuma na lura duk wadda ta ji, in ta je ba wa wata sai ta ƙara masa gishiri. Jiya na ji wata tana rantsuwa wai an kulle ni a kan iyaka. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru, kowa ya huta.

Ni 'yar Daura ce, kuma ilimin ƙananan halittu nake karantawa a jami'a, wato mu ne masu leƙen ƙwayoyin cuta da fumfuna a ɗakin gwaji. Ba abin da ya taɓa haɗa ni da kasuwa sai cefane. To da muka shiga aji uku, sai aka ce dole kowane ɗalibi, ko likita zai zama ko alƙali, ya ɗauki kwas ɗin koyon kafa sana'a. Muka shiga ajin muna ƙunƙuni. Mai koyar da mu, Dakta Bala, wani siririn mutum ne mai fara'a, amma ba ya karɓar uzuri. Ya ce jarrabawar takarda kaɗai ba za ta fisshe mu ba. Kowa ya duba abin da ake koya masa a sashensu, ya fitar da abin sayarwa daga ciki, ya je ya sayar a lokacin hutu.

"Amma ku ji sharaɗina," in ji shi. "Wanda ya saya don ya san ubanka, ko don yana jin nauyin uwarka, ba ciniki ka yi ba, kyauta aka yi maka. Baƙo nake so, wanda bai san ka ba, ya saya, kuma ya dawo neman ƙari."

Ni dai abin da na sani shi ne abin da ke lalata abinci. Fura kuwa kowa ya sani, in ta kwana a zafi sai ta yi tsami, ta fara yauƙi. Sai na ce me zai hana a dafa ta yadda aka saba, da cittarta da kanumfarinta, a kirɓa, sannan a marmashe ta, a busar har danshi ya fita sarai, a sake niƙawa a liƙe a leda? Na yi ta gwadawa. Wani haɗin ya yi fumfuna, wani ya yi ɗaci, har Allah ya sa na dace da wanda ya yi makonni bai canza ba. In ka zuba masa nono ko ruwa ka dama, fura ce sak.

Saura gero. Babana, Malam Haruna, tsohon malamin firamare ne, ya ce shi bai kai ni jami'a don in dawo ina tallan fura ba. Inna ce ta ja ni ɗaki, ta nuna mini geron da ta noma a gayaunarta ta wajen Zango, wanda ta ajiye don kunun azumi.

"Ɗebi," ta ce. "In ya tafi a banza, ni da ke ma san abin da za mu gaya wa Malam."

A Daura na fara, nan kuwa na gane dabarar Dakta Bala. Duk wanda na miƙa wa leda sai ya ƙare mini kallo ya ce, "Ba 'yar Malam Haruna ba ce? Ai shi ya koya mini karatu. Kawo biyu." Ko tambayar abin da ke ciki ba sa yi. Hutu yana ta tafiya, ga buhunan gari a ɗakin Inna, ga kwas wanda in na faɗi sai na maimaita shi baɗi. Ana cikin haka Kawu Idi, ƙanen Inna, mai fataucin dabbobi a Mai'adua, ya zo gaishe ta, yake cewa zai shiga Damagaram duba raguna. Nan take na ce zan bi shi. Tunanina shi ne ba inda ake shan fura kamar Nijar, kuma can ba wanda ya san Malam Haruna. Baba ya ce tunda da muharramina zan tafi, ba zai hana ba.

Mun tashi da safe a wata tsohuwar fijo, an danna mu ciki har ba mai iya motsa ƙafa. Mata muna baya kamar yadda direbobinmu suka saba yi tun zuwan shari'a, Kawu yana gabana, yana waiwayowa yana yi mini tsiya.

"Ni fa ban gane ba, Sa'adatu. Mu da muka tashi a kara cikin dabbobi, ba wanda ya zaunar da mu a benci ya koya mana ciniki. Shi malamin naku ya taɓa sayar da ko ɗan akuya?"

"Kawu, ya dai hana a taya ni. Ko a kasuwa ka gan ni, ba ka san ni ba."

"Madalla," ya ce. "Ai kin rage mini aiki."

A Kwangwalam, ɓangarenmu, aka duba takardu muka wuce ba wata matsala. Da muka isa Ɗan Barto, inda ma'aikatan Nijar suke, wani jami'in kwastan, su suna cewa duwan, ya sa aka sauke kaya. Ya kwance buhuna, ya zaro leda ɗaya, ya ɗaga ta a rana yana jujjuyawa.

"Na wa ne wannan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Mene ne?"

"Fura ce."

Ya dube ni, ya dubi ledar, ya kira abokin aikinsa. "Madam, ni da fura aka yaye ni. Fura dunƙule ce. Wannan gari ne a leda, ban san ko na mene ne ba, kuma ba zan bar shi ya shiga ƙasa ban sani ba."

Gaskiyarsa ce, ni ma da ni ce shi haka zan yi. Amma fasinjoji sun fara guna-guni, direba yana cewa shi fa zai tafi. Sai na hango wata Bafulatana a gindin bishiya da ƙwaryar nono. Na roƙi jami'in ya ɗan ba ni lokaci. Na je na sayi nono, na ari ƙwarya da ludayi, na yaga ledar da ya zaɓa da hannunsa, na durƙusa a gaban kowa na dama. Ni na fara sha, sannan na miƙa masa. Ya kurɓa. Ya sake kurɓa.

"Ikon Allah," ya ce. "Wa ya koya miki wannan?"

"A jami'a ne. An ce kowa ya yi abin sayarwa."

"Af, mushenku ne ya aiko ki ke nan."

Kawu ya zabura. "Wane irin mushe kuma, bawan Allah? Malamin nata yana nan da ransa da lafiyarsa!"

Wajen ya ɗauki dariya, har Bafulatanar. Ashe su can malamin makaranta suke kira mushe, daga Faransanci suka aro. Kawu ya shekara nawa yana shiga Nijar, amma da yake a kara yake wuni, bai taɓa jin wannan ba. Jami'in ya ɗaure buhuna da kansa. Na yi ƙarfin hali na ce ko zai sayi ɗaya. Ya yi murmushi ya ce ta yi daɗi ƙwarai, amma matarsa tana dama masa sabuwa kullum. Ina cikin murnar an sake ni, ban tsaya na auna maganar ba.

A Matamaye muka tsaya cin abinci. Nan na fara cin burodinsu, dogo kamar sanda, bayansa da tauri, a tsaga shi a zuba wake da mai. Kawu ya ce burodin da sai ka yi kokawa da shi ba burodi ba ne, amma ya cinye nasa ya taya ni nawa. Hausarsu tamu ce, sai dai kalmomin da suke tsarmawa. Allunan hanya kuwa duk Faransanci, karatuna na jami'a bai amfane ni da komai ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina mata ne a kan babur. Ba goyo ba, su ke tuƙi, da lulluɓinsu da komai, kuma ba mai ko waiwayarsu. A Daura da an fito kallo.

Mun sauka a unguwar Birni, gidan Alhaji Mamman, mai masaukin Kawu. Matarsa Hajiya Gambo, wata ƙaƙƙarfar mace mai yawan raha, ta karɓe ni kamar ta daɗe da sanina. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta shiga ciki, ta fito da abin tarar baƙo: ƙatuwar ƙwarya cike da fura, sabuwar kirɓi, da kindirmo mai sanyi. Wallahi ban taɓa shan mai daɗinta ba, kuma ina sha jikina yana yin sanyi. Da na nuna mata abin da na zo da shi, ta yi dariya har tana share hawaye da bakin zani.

"'Yar nan, Damagaram kika kawo wa fura? Ai nan kafin azahar ba gidan da ba za ki ji turmi yana kirɓi ba."

Duk da haka washegari ta samo mini wuri a gefen babbar kasuwa, kusa da wata mai sayar da zogale. Na jera ledojina, na ajiye ƙwarya don ɗanɗano. Mutanen kirki ne, sun tsaya, sun ɗanɗana, sun yaba, sun wuce. Takardar da na manna a jikin leda da Turanci na rubuta ta, ba mai iya karantawa. Wata mata ta ɗauki leda ta jinjina ta ce, "Wannan ai furar malalata ce. In maigidana ya gan ni da ita, gidanmu zai mayar da ni." Da rana ta take, kasuwar ta yi tsit. Su can haka suke, in zafi ya yi kowa ya tafi ya kwanta, sai la'asar a dawo, ba kamar mu ba da za mu zauna muna fifita har yamma. Kawu ya gitta ta gabana ya fi a ƙirga, yana kawar da kai kamar yadda muka yi alkawari, amma ina ganin yadda yake satar kallon ledojin da ba su ragu ba.

Har aka kira magariba ban sayar da ko ɗaya ba. Na koma masauki, Hajiya ta ajiye mini dambu da zogale, na kasa ci. Geron Inna kawai nake gani. Na zagaya bayan ɗaki na yi kukana na wanke fuska. Da na dawo na zauna, sai wata tambaya da Dakta Bala yake yawan jefa mana a aji ta faɗo mini: wa ke da ciwon da abinka yake magani? A aji mun ɗauke ta maganar cika lokaci. Na dubi Hajiya na ce, "Hajiya, don Allah, wa ke son fura a garin nan amma ba ya samu?"

"Kowa yana samu mana," ta ce. Sai kuma ta tsaya da tsintar wake. "Sai fa wanda ba ya gida. Yayana marigayi direban Agadas ne. In zai tafi mukan ƙunsa masa fura, ya ce kafin ya yi nisa ta lalace, sai dai ya zubar. Haka yake tafiya da busasshen burodi da shayi."

Muka dubi juna.

Da safe Hajiya ta yafa gyale, ta turo babur daga zaure, ta ce in hau. Kawu ya riƙe baki. "Hajiya, 'yar mutane ce fa, amana aka ba ni."

"To biyo mu da buhunan a kabu-kabu, ka ga amanar taka," ta ce, ta tayar.

Haka na ratsa Damagaram a bayan mace, na ƙanƙame ta ina salati, ita kuwa tana ta gaisawa da mutane da hannu ɗaya.

Tashar Agadas wata duniya ce. Manyan motoci an yi musu lodi har sun fi gida tsawo, an rataye jarkokin ruwa a jikinsu ko'ina. Maza ne zalla, yawancinsu da rawani, ido kawai kake gani. Hajiya ta nemi inuwa ta zauna ta ce, "Na kawo ki. Sauran naki ne." Na nufi wasu direbobi da ke shan shayi a gindin mota, na yi sallama. Babbansu wani dattijon Buzu ne, Agali, mai Hausa a hankali kamar yana auna kowace kalma. Na gaya masa abin da na kawo.

"Ba ta lalacewa, kika ce?"

"Ta yi makonni a hannuna, Baba."

"A ɗaki. Ni motata ƙarfe ce, rana tana dukanta tun safe."

Nan karatuna ya zo mini. Na ce masa ba zafi kaɗai ke lalata fura ba. Wasu 'yan halittu ne da ido ba ya gani suke cin ta, su kuma ba sa iya komai inda babu danshi, ni kuwa na kore danshin.

"Kamar mu ke nan," ya ce. "In ba ruwa, ba mu." Sauran suka yi dariya.

Bai yarda da baki ba. Ya ɗauki leda ya ɗora a kan murfin injin motarsa, inda ko hannu ba ka iya ajiyewa, ya ce in dawo bayan azahar. Na koma wajen Hajiya na zauna, idona yana kan ledar nan. Da aka idar da salla ya sauko da ita, ya yaga, ya shinshina, ya dama da ruwan salka da madarar gari. Ya sha, ya miƙa wa na kusa da shi. Ina jiran yabo, sai ya fara jero mini laifuffuka.

"Cittarki ta yi yawa. A gida daɗi ce, a hanya ƙishirwa take jawowa, mu kuwa ƙishirwa ce abokiyar gabarmu. Ledar ta yi ƙanƙanta, wannan ai na yaro ne. Kuma ta yi laushi, ƙarfe zai huda ta. Sannan ina cuku? Ina dabino?"

Raina ya so ya ɓaci, don na sha wuya kafin in kai ga wannan haɗin. Amma na tuna jiya an yi ta yabona ba a sayi komai ba. Na ce, "Nuna mini, Baba."

Ya sa aka kawo ɗan turmi, ya daka dabino da cuku, wato daskararren nonon da Buzaye ke busarwa, ya zuba a cikin garina ya dama, ya miƙo mini. Na kurɓa. Gardin cuku da zaƙin dabino sun zauna a kan geron Inna kamar dama can tare aka halicce su. Ya ga fuskata ya gyaɗa kai.

"Yanzu ta zama guzuri," ya ce. "Zuba mini na tafiya da dawowa. Cuku da dabino ina da nawa."

Da sauran suka ga Agali ya saya, sai aka yo kaina. Wannan ya ce a ba shi, wancan ya aiko daga saman mota. Hajiya ta kasa zama, ta taso tana tsawata musu su bi layi. Kafin la'asar sakaliya na kakkaɓe buhu na ƙarshe. Ina ɗagowa na ji muryar Kawu a bayana yana gaya wa wani mutum da bai tambaye shi ba, "'Yata ce, ɗiyar yayata. A jami'a take!" Na ce, "Kawu, alkawarinmu fa?" Ya ce ai kaya sun ƙare, alkawari ya ƙare.

Kafin mu tafi Agali ya karɓi lambar wayata. "In ta kai ni ta dawo da ni lafiya, za ki ji ni. In ba ki ji ni ba, ki riƙe karatunki da kyau."

A hanyar dawowa na tsaya Matamaye na auno wa Inna gero wanda ya fi wanda na ɗiba, na sayo cuku da dabino. Da na dama wa Baba irin haɗin Agali, ya shanye, ya ajiye ƙwaryar ya tambaye ni ko da saura.

Da muka koma makaranta na ba Dakta Bala labari. Ya saurara har ƙarshe, ya ce na yi ƙoƙari, amma rabin sharaɗi na cika. An saya, ba a dawo ba tukuna. Makonni suka shuɗe. Kullum wayata tana hannuna, ko wanka zan shiga sai na ba wata ta riƙe mini. Har na fara cewa ko ledojin sun fashe a hanya.

Ran nan da hantsi ina ɗakin gwaji ina wanke kwalabe, sai ga wata baƙuwar lamba doguwa. Na ɗauka, iska tana ta hurawa a ciki, can na ji muryar nan mai auna kalmomi. Ban bari ya gama sallama ba na ce, "Baba Agali, don Allah kada ka kashe!" Na fita a guje da farar rigar gwaji a kan hijabina, na tsallake filin makaranta, na faɗa ofishin Dakta Bala ko ƙwanƙwasawa ban yi ba, na miƙa masa wayar ina haki.

Ya karɓa yana mamaki. Ya saurara, ya ce "Na'am," ya sake cewa "Na'am," murmushinsa yana ƙaruwa. Ya fara tambayar mutumin yadda garin ya yi a hanya, da ko direbobi nawa ne suke so, sai na ga ya yi turus, ya fashe da dariya, ya miƙo mini wayar.

"Ya ce furar ta kai ta dawo ba abin da ya same ta, abokansa duk suna nema. Kuma ya ce in daina cinye masa kati da surutu, in ba shi mai kayan."

Na goge hannuna a jikin rigar, na karɓa, na daidaita numfashina.

"Ina jin ka, Baba Agali," na ce. "Yaushe motarka za ta tashi?"